Naman Layya a Gidan Mai Bi

A Tambuwal da Kebbe, kowace Babbar Sallah masu bi sukan tambayi fasto: mu ci naman layyar da maƙwabta suka aiko? Ana layya ranar 10 ga Zulhajji don tunawa da biyayyar Ibrahim, wadda muke karantawa a Farawa 22, ko da yake mun bambanta kan ɗan da ake nufi. Hadayarmu ta cika a kan gicciye. Naman nan kuwa kyautar zumunci ce, ba gunki aka yanka wa ba. Romawa 14 ta hana mai ci da marar ci hukunta juna. Mu koya wa ikilisiya karɓa da godiya, ranar Kirsimeti kuma ta rama alheri da yankan da maƙwabcin zai iya ci.