Ciwon Ƙugu Ga Masu Aikin Tebur: Asalinsa Da Maganinsa

An shirya wannan 'yar takarda domin hakimai da malaman ofisoshinsu, waɗanda aikinsu yakan tsare su bisa kujera tun safe har la'asar, suna rubuta wasiƙu, suna cika rajista, ko kuwa suna sauraron ƙararrakin jama'a. Da yawa daga cikinsu sukan yi kukan ciwon ƙugu, watau ciwon da yake kama ƙasan baya, tsakanin haƙarƙari da ɗuwawu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne suke fama da shi a cikin 2020, ta kuma ce babu wata cuta da ta kai shi hana mutane aikinsu. Ba kuwa yau aka fara lura da shi ba. Wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a a 1700, sa'an nan a bugun 1713 ya ƙara babi a kan malaman rubutu, inda ya lissafa dogon zama cikin abubuwan da suke jawo musu wahala.

Yadda Baya Yake

Ƙashin baya gaɓa-gaɓa ne, jere bisa juna. Bakwai suna wuya, 12 suna daidai ƙirji, biyar kuwa suna ƙugu, su ne mafiya kauri domin su suke ɗauke da nauyin gangar jiki. Tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta akwai wani faifai na guringuntsi mai taushin ciki, wanda yake kamar matashi. Tsoka da jijiyoyi sun ɗaure su ta kowane gefe, laka kuma ta ratsa ta tsakiya, daga nan jijiyoyin ƙafafu suke fita.

Likitoci sun auna sun ga idan mutum ya zauna ya sunkuya gaba, nauyin da yake danne waɗannan fayafai ya fi na lokacin da yake tsaye sosai. Har wa yau tsokar da ta daɗe ba ta motsa ba takan sage, ta yi rauni. To, sai malami ya wuni a duƙe kan littafi ko kwamfuta, da yamma ya hau babur bisa hanya mai gargada, ya isa gida ya sunkuya ya ɗaga buhun hatsi, sai ya ji baya ya riƙe. Ƙiba, da shan taba, da rashin barci, da damuwar zuciya, duk suna ƙara wa ciwon ƙarfi.

Cikin mutum goma masu ciwon ƙugu, wajen tara ba a samun wata cuta takamaimai a ƙashinsu, kuma yawancinsu sukan sami sauƙi kafin mako shida. Saboda haka ba kowane mai ciwon ne yake bukatar hoton ƙashi ba. A kan wasu kaɗan faifan nan yakan bultso ya danne jijiya, sai zafi ya sauka ta bayan cinya har ƙafa. Ko wannan ma yawanci yakan lafa ba tare da an yi aiki ba.

Magani

A da akan umurci mai ciwon baya ya kwanta kwana da kwanaki. Yanzu an tabbatar doguwar kwanciya tana jinkirta warkewa. Abin da ya kamata shi ne mutum ya ci gaba da harkokinsa gwargwadon ikonsa, ya riƙa tafiya da ƙafa kowace rana, yana ƙara nisa kaɗan kaɗan. Gasa wurin da tsumma mai ɗumi yana rage zafi, haka kuma tausa.

Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac suna taimako, amma na 'yan kwanaki ne, bisa shawarar likita, bayan an ci abinci. Wanda ya mai da su abin sha kullum yana iya jawo wa kansa gyambon ciki ko lalacewar ƙoda. Mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki, kada su sha sai likita ya yarda. A cikin Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idodi game da ciwon da ya wuce wata uku. Ta yaba da motsa jiki, da tausa, da koya wa majiyyaci yadda zai kula da kansa. Ta yi gargaɗi kuma a kan ɗaura ɗamarar ƙugu, da jan baya da na'ura, da magunguna masu sa maye, waɗanda tramadol yake cikinsu. Tsaga da askar da ba a tafasa ba tana iya shigar da ciwon hanta cikin jini. Wanda ciwonsa ya ƙi sauƙi sai ya nemi sashen gashin ƙashi a babban asibiti, inda za a koya masa motsin da ya dace da shi.

Alamun Hatsari

Lalle ne a kai mutum asibiti a ranar, ba jira, idan fitsari ya tsaya masa ko ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu ba ya jin taɓi, ko ƙafarsa ta fara rauni yana jan ta. Waɗannan suna nuna an danne jijiyoyi ƙwarai, jinkiri kuwa yana iya barin mutum da nakasa har abada. Haka nan idan ciwon ya zo da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, domin tibi takan kama ƙashin baya ta cinye shi har doro ya fito, alhali tana da magani in an gane ta da wuri. Wanda ciwonsa ya biyo bayan faɗuwa ko hatsarin mota shi ma ya ga likita. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana cikin wuraren da ake tura irin waɗannan.

Abin Da Ya Rataya A Wuyan Hakimai

Gyaran ofis ba ya cin kuɗi da yawa. A samu kujera mai majingina, wadda tafin ƙafar malami zai taka ƙasa idan ya zauna. Tebur ya zo daidai gwiwar hannu, fuskar kwamfuta kuma daidai ido. In majinginar ba ta tallafi ƙugu ba, a naɗe tawul a sa. Amma kowace irin kujera ce, kada a zarce rabin sa'a ko sa'a guda ba a miƙe an ɗan taka ba. Mai ɗaga akwatin takardu ya matso da shi kusa da jikinsa, ya lanƙwasa gwiwa, in ya yi nauyi ya nemi taimako.

Malami yakan ji nauyin tashi alhali ubangidansa yana zaune, yakan kuma ɓoye ciwo don tsoron kada a ce ya gaza. Saboda haka ana roƙon hakimai su ba da wannan izini da bakinsu, su kuma sallami duk wanda ya nuna ɗaya daga alamun nan ya tafi asibiti nan da nan. Rigakafi ya fi magani.