Peter Lanyon: Mai zanen da ya bar zana ƙasa ya koma zana iska

Duk wanda ya tsaya gaban zanen nan mai suna Thermal, wanda ke hannun gidan adana zane-zane na Tate a Birtaniya, zai nemi jirgin sama ya rasa. Babu fiffike, babu matuƙi, babu ko layin da ya raba sama da ƙasa. Shuɗi ne da fari da ruwan toka suke murɗawa suna hawa, a kan ƙyalle mai tsayin kusan mita biyu.

Amma mai zanen, Peter Lanyon, ya yi shi ne a 1960 don ya nuna abin da ya ji a jikinsa yana tuƙa jirgin sama marar inji. Shekara huɗu bayan haka, irin wannan jirgin ne ya zama ajalinsa.

Ya fara da kwaikwayon abin da ido ke gani

An haifi Lanyon ranar 8 ga Fabrairun 1918 a St Ives, wani garin masunta da ke yankin Cornwall, a kudu maso yammacin Ingila. Yanki ne na duwatsun bakin teku da tsofaffin ramukan haƙar kuza.

Tun yana matashi ya koyi zane a hannun Borlase Smart, wanda ya yi suna wajen zana teku. Daga baya ya ɗan yi karatu a makarantar Euston Road da ke Landan, inda ake horar da ɗalibi ya auna abin da ke gabansa ya sauke shi daidai. Zane-zanensa na farko duk haka suke, kowa ya gani ya san ga tudu, ga gida, ga ruwa.

A 1939, da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarato, wasu manyan masu fasaha suka ƙaura zuwa yankin St Ives, cikinsu har da Ben Nicholson da Barbara Hepworth da Naum Gabo. Dukkansu sun riga sun yi nisa a salon da ba ya kwaikwayon siffar abu, sai dai ya yi aiki da launi da layi da fili. Lanyon ya koyi darasi a wurin Nicholson, aikin Gabo kuma ya yi masa tasiri sosai.

Daga 1940 zuwa 1945 ya yi aiki da rundunar sojin saman Birtaniya a matsayin makanikin jirage, inda ya je arewacin Afirka da Falasɗinu da Italiya.

Kallo daga wuri ɗaya bai ishe shi ba

Da ya koma gida, abin da ya dame shi shi ne yadda aka saba zana ƙasa: mai zane ya kafa ƙafa a wuri ɗaya, ya sauke abin da ke gabansa kamar mai leƙe ta taga. A ganinsa ba haka mutum ke sanin garinsu ba. Sai ka taka shi, ka hau tudunsa, iskarsa ta buge ka, ka leƙa ramukansa.

A zanensa na Porthleven na 1951, ya haɗa tashar jiragen ruwan garin daga ɓangarori da dama cikin hoto ɗaya. A zanen St Just kuwa, wani baƙin layi ne ya ratsa tsakiya kamar ramin ma'adinai, a yankin da hatsarin mahaƙar Levant ya kashe mutum 31 a 1919.

Ya taka ƙasa, ya bi bakin teku, ya waiwayi ƙarƙashin ƙasa. Sama ce kawai ta rage masa. A 1959 ya fara koyon tuƙin jirgi marar inji a Perranporth, a 1960 kuma ya tashi shi kaɗai.

Yadda jirgi ke tashi ba inji

Irin wannan jirgin, jan sa ake yi da igiya, ko dai da injin da ke ƙasa ko da wani jirgin, har ya kai sama a sake shi. Daga nan ya rage wa matuƙi ya nemo iskar da za ta ɗauke shi.

Idan rana ta gasa ƙasa, iskar da ke kanta takan yi zafi ta yi sama kamar ginshiƙi. Matuƙi kan shiga cikinta ya riƙa kewayawa tana ɗaga shi. Wanda ya taɓa ganin ungulu ko shirwa na shawagi da tsakar rana ba tare da kaɗa fiffike ba, to ya ga wannan dabarar.

A nan matsalar mai zane take. Wannan iskar ba ta da launi, ba ta da siffa. Matuƙi ba ganin ta yake yi ba, a jikinsa yake jin ta: kujera ta tura shi sama, fiffike ɗaya ya ɗaga, cikinsa ya juya. Da Lanyon ya zana jirgi fes a tsakiyar gajimare, da ya nuna abin da mutumin ƙasa ke hange ne kawai. Shi kuwa abin da na cikin jirgin ke ji yake so ya nuna.

Shi ya sa a Thermal burushinsa ke murɗawa yana hawa kamar yadda iskar ke yi. A Solo Flight, wanda shi ma na 1960 ne, wani jan layi mai kauri ne ke nuna hanyar da jirgin ya bi. A Glide Path na 1964 har sillayen baƙar roba ya manna a jikin ƙyallen.

Bai yarda ya rabu da zahiri ba

Masu sharhi sun riƙa haɗa shi da masu zanen Amurka na zamanin, musamman da yake ya baje kolin aikinsa a New York a 1957, kuma Mark Rothko ya ziyarce shi a Cornwall a 1959. Sai dai Lanyon ya dage cewa shi mai zana ƙasa ne, a kan turbar magabata irin su Turner. Kowane zane nasa yana da wurin da ya fito, da yanayin da ya haife shi.

Wannan ne amsar masu cewa ai ko yaro zai iya irin wannan shafe-shafen. Lanyon ya iya zana jirgi sarai, tunda ya shafe shekaru yana kwance jirage yana ɗaurawa. Ya bar siffar ne saboda ta kasa ɗaukar abin da yake son faɗa.

A ƙarshen watan Agustan 1964 jirginsa ya faɗi a filin Dunkeswell da ke Devon. Aka kai shi asibiti a Taunton, inda ya rasu ranar 31 ga watan, yana da shekara 46. Ya bar mata da 'ya'ya shida.

Shekara biyar kacal ya yi yana tashi. A 2015, gidan zane na Courtauld da ke Landan ya tattara zane-zanen da ya yi a wannan ɗan tsakanin ya baje su wuri ɗaya. Waɗanda suka taɓa tuƙa jirgi marar inji ba su cika buƙatar a yi musu bayaninsu ba.