Kiɗanmu na gado cikin inji mai ƙwaƙwalwa: tsakanin lamba 4 da lamba 5

A Sabon Maci, cikin gundumar Dakoro, makaɗi ba ya riƙe takarda. Ɗa yana ɗaukar kiɗa ne daga hannun ubansa. In ɗan ya tafi biɗa Nijeriya ko Libiya, ranar da tsoho ya kwanta dama kiɗan ya bi shi kushewa. Saura ƙiris hakan ta samu biram, abin kiɗan Buduma na tabkin Cadi mai tsirkiya 5, ba don Malam Maman Barka ya je ya koye shi wurin Bukar Tar a 2002 ba. Shi ma Barka ya rasu a 2018.

Kaset yana adana murya, amma mai son koyo yana bukatar rubutu. Yau akwai tsare-tsaren rubuta kiɗa a inji mai ƙwaƙwalwa. Finale, wanda ya fito a 1988, an daina sayar da shi a 2024. MuseScore kuwa kyauta ne. A cikinsa ana fara faɗa wa inji tsawon sauti kafin sunansa. Lamba 5 ita ce bugu ɗaya, abin da Faransawa ke kira «noire». 4 rabinsa ne, wato «croche». 6 bugu biyu, 7 bugu huɗu, sifiri kuma shiru. Daga nan sai harafi, daga A zuwa G. Ɗan lakwal da ya saba da do, re, mi sai ya riƙe cewa C ita ce do.

Abin sha'awa, Bahaushe ya daɗe da wannan lissafi a bakinsa. A ma'aunin waƙa, gaɓa mai nauyi, kamar «kai», daidai take da gaɓa biyu marasa nauyi, kamar «ka». Mai rubuta waƙar noma zai iya yin nisa da yatsu biyu kawai, ɗaya kan 4, ɗaya kan 5.

Sai dai inji ya fi sanin rabawa biyu-biyu. In makaɗi ya cusa bugu uku a gurbin biyu, sai an danna Ctrl da 3 an gaya masa. Kalangu ya fi ba shi wuya: makaɗi na matse tsirkiya a hammata, sauti ya zame daga sama zuwa ƙasa yana kwaikwayon magana, kuma babu harafi ɗaya tsakanin A da G da ke tsayawa a wurin nan.