New York zuwa Los Angeles: ba kowace kujerar gaba ce gado ba

Tsakanin New York da Los Angeles akwai kusan kilomita 4,000, wajen awa shida a sama. Shi ya sa kamfanonin jiragen Amurka ke gasa kan kujerun gaba. Tun 2014 JetBlue ya fito da Mint, kujerar da ke miƙewa ta zama gado. Delta ma yana da irinta, Delta One. Amma a yawancin zirga-zirgar cikin ƙasar, "aji na ɗaya" kujera ce mai faɗi da ke ɗan kishingiɗa kawai. Wanda ya tashi da dare, aiki na jiransa da safe, zai iya biyan kuɗi mai tsoka ya kwana a zaune. Kafin sayen tikiti, a duba samfurin jirgin da tsarin kujerunsa, kada a tsaya ga sunan aji.