"Mi Kaka Karantawa?": Matasan Zamfara Da Aljannun Aro

A karin harshen Zamfara ba a cewa "me kake karantawa?", sai dai "mi kaka karantawa?" Wannan tambaya na yawan faɗo mini a kunne cikin 'yan shekarun nan, ko a harabar makaranta a Gusau, ko cikin motar haya mai zuwa Tsafe, ko a majalisun samari na Bunguɗu bayan sallar Isha'i. Amsar kuwa galibi ba littafin manhaja ba ce, ba kuma na soyayya ba kamar yadda manya ke zato. Littafin yaƙi ne, wato irin ƙagaggun labaran nan na sadaukai da bokaye da maridan aljannu, masu fitowa kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, har mai karatu ya manta sunan gimbiyar da aka sace tun a shafin farko.

Yadda suke yin abin ya isa a tsaya a duba. Wanda ya gama kashi na uku zai nemi mai na huɗu, a yi musaya, da sharaɗin kada wani ya kuskura ya faɗi yadda aka ƙare. Mafi yawa yanzu ta WhatsApp ake turawa, wasu kuma sauraro suke yi a YouTube. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro, na ga tsofaffin littattafan takarda, waɗanda bangonsu ya yage, sun fito daga ƙasan akwati suna zagaya unguwa hannu da hannu. Babu hukumar da ta shirya wannan, babu kuma malamin da ya ce za a yi jarrabawa a kai.

Na san akwai abokan aikina da ke ɗaukar wannan karatu a matsayin shirme. Ban yarda da su ba, domin kuwa da irinsa aka aza harsashin ƙagaggen labarin Hausa. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma dukkansu biyu cike suke da aljannu da ƙasashen al'ajabi. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo baya a 1951. Marubutan Kano irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih, waɗanda sunayensu ba sa ɓacewa a hirar matasan nan, kan wannan turba suka ɗora. A matsayina na ɗalibin harshe kuwa, ina da wani dalili na kaina. Yaron da ya karanta littattafan yaƙi ya san bambancin barde da dakare, ya san sulke da kwalkwali da lifidi, kalmomin da ba zai taɓa jin su a labaran rediyo ba. Hasali ma ya saba da doguwar jimla, ya iya riƙe zaren labari mai shafi ɗari biyar a ka, abin da da yawa cikin masu digiri ke kasawa.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Ka zauna ka saurari sunayen da ke fitowa daga bakinsu: birnin Misra, birnin Kisra, ƙasar Hindu, ƙasar Sin, da sarakuna da bokaye masu sunayen da aka ƙera da sautin Larabci alhali ko Balarabe bai san ma'anarsu ba. Matashi na ba da labarin da Zamfarci tsantsa, yana "shina" da "wanga", amma duk abin da ke cikin labarin, tun daga dutse har zuwa aljani, na aro ne daga Dare Dubu Da Ɗaya da finafinai. Aro ba laifi ba ne. Masana sun nuna cewa shi kansa Iliya daga labarin wani gwarzon Rasha aka samo shi. Sai dai Imam da Kagara, duk nisan da jarumansu suka yi, daga Kwantagora suka sa su tashi, garin da mai karatu zai iya hawa mota ya je. Mu kuwa mun wayi gari jaruminmu ba shi da garinsu.

Abin takaicin shi ne, kayan aikin na nan jibge a bakin hanya. Duk mai tafiya daga Gusau zuwa Tsafe sai ya ratsa ta gindin dutsen Kwatarkwashi, wanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu. Dutse ne da ya yi suna tun zamanin Maguzanci da labaran iskoki, da kuma maikin da ke sheƙa a ƙwanƙolinsa, wanda a da har bikin kamunsa ake yi. Gaba kaɗan ga 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malamai da ta shahara tun kafin jihadi, wadda har gobe sarautar Tsafe ke ɗauke da sunanta. Can arewa, a ƙasar Zurmi, akwai Dutsi, inda tarihin baka ya ce sarakunan Zamfara na farko suka zauna, ya kuma siffanta su da ƙattin mutane irin samudawa. Ga kuma Sarauniya 'Yargoje da labarin fitilarta. Ina tambaya, mai karatu, wane birnin Kisra ne ya fi waɗannan abin ba da labari?

Wasu al'ummomi ba su yi wannan sakaci ba. J.R.R. Tolkien, wanda littafinsa The Lord of the Rings ya fito a 1954 da 1955, malamin harshe ne a jami'ar Okusfod ta Ingila, kuma daga tsohon Turanci da tatsuniyoyin arewacin Turai ya haƙo sunaye da halittun da duniya ke kallo a fim yau. A nan gida, D.O. Fagunwa ya shiga dajin Yarabawa da aljannunsa tun 1938, sannan a 2018 Tomi Adeyemi ta sayar wa Amurkawa da labarin da ta gina kan al'adun gargajiyar Yarabawa, suka karɓa hannu bibbiyu.

Na san abin da za a ce: rubuta labarin iskokin Kwatarkwashi tamkar tayar da shirka ne. Wannan tsoro ba na raina shi, musamman a jiharmu. Amma littattafan da ke hannun yaranmu yanzu ma cike suke da matsafa da gumaka, kuma kusan kullum mai imani ne ke rinjaye a ƙarshe. Idan ba a ce Bello Kagara, wanda alƙali ne, ya yi shirka don ya kai Ganɗoki cikin aljannu ba, ban ga dalilin da zai sa boka ya halatta a labari in yana Misra, ya haramta in yana gindin dutsenmu ba.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne, masu riƙe da waɗannan labarai tsofaffi ne, kuma da yawansu 'yan bindiga sun raba su da ƙauyukansu. Suna nan zaune a kangaye da gidajen 'yan'uwa a Gusau da Tsafe, nesa da dutsen ko kukar da labarin ke rataye a jikinta, kuma jikokinsu ba sa tambayarsu komai. Ɗalibanmu na sassan Hausa sun ɗauko wani abu daga ciki a kundayen kammala karatu, amma kundayen na kan kanta ƙura na cin su. Ina roƙon sassan nan na Jami'ar Tarayya ta Gusau da kwalejojinmu na ilimi su buɗe wa marubuta waɗannan kundaye. Su kuma samarin da ke musayar littattafai, waɗanda na tabbata akwai masu rubuce-rubuce a ɓoye cikinsu, wayar da suke tura kashi na huɗu da ita tana ɗaukar murya, kuma a kusan kowace unguwa ta Gusau akwai tsohon da zai iya faɗa musu yadda ake hawan dutsen Kwatarkwashi a kamo maiki.