INA ƊAN TSAKO KE SAMUN ƘARFIN FASA ƘWAI?

Kowa ya san kaza takan yi kwana 21 tana kwanci kafin ta ƙyanƙyashe. Amma ko ka taɓa tambayar kanka abin da ɗan tsako yake ci a duk tsawon kwanakin nan?

Jikinsa yana bukatar sukarin da ake kira gulukos, ga shi kuma sukarin da ke cikin ƙwai bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. A makon farko, iskar oksijin da ke isa gare shi kaɗan ce, don haka da wannan ɗan sukarin yake maneji. Daga nan sai wata fata mai jijiyoyin jini ta shimfiɗu a ƙarƙashin ɓawo, tana jawo iska ta ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Da iska ta wadata, sai ya koma ƙona kitsen gwaiduwa, wanda ke ba shi kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsa.

To, a nan abin mamakin yake. Kowane aiki a jiki yana da sinadarin da ke tafiyar da shi, wato enzayim, kuma umarnin haɗa kowane enzayim yana rubuce a ƙwayoyin gado. Ba a karanta umarnin duka a lokaci guda. Ana buɗe wani, a rufe wani, gwargwadon bukata. Yayin da hanta ke girma, sai a buɗe umarnin enzayim masu ƙera sabon gulukos daga furotin ɗin farin ƙwai da wani sashe na kitse. Ana tara shi a hanta da tsoka da jakar gwaiduwa, kamar hatsi a rumbu. Sunan wannan ajiya gilaikojin.

Amfaninta yana bayyana wajen kwana na 19 zuwa 21. Fasa ɓawo aiki ne ja, iska kuma ta sake yin ƙaranci, kitse kuwa ba ya ƙonuwa sai da iska. Saboda haka tsokar ƙeyarsa da sukarin ajiya take aiki. Wanda ajiyarsa ta ƙare yana iya mutuwa bayan ya huda ɓawo, a tsinci ƙwan a gurbi.

Wanda ya fito ma rumbunsa ya kusa ƙarewa. Da ya fara cin tsaki, sai hanta ta juya akala, ta buɗe umarnin mayar da rarar sukari kitse. Shi ya sa masu kiwo ba sa jinkirta ba sabon tsako abinci da ruwa.