Digiri biyu a shekara huɗu: Yadda ake neman gurbin karatun lauya da kasuwanci a Amurka

A shekarar 1979 Adebayo Ogunlesi, ɗan asalin Sagamu a jihar Ogun, ya kammala Jami'ar Harvard da digiri biyu lokaci guda: na lauya da ake kira JD, da na harkokin kasuwanci wato MBA. Shi ne ya jagoranci kafa kamfanin Global Infrastructure Partners, wanda BlackRock ya saya a 2024 kan kimanin dala biliyan 12.5. Mitt Romney, da ya yi takarar shugabancin Amurka a 2012, irin wannan karatun ya gama a Harvard a 1975.

A Amurka ba a shiga karatun lauya daga sakandare kamar yadda ake yi a Najeriya. Sai mutum ya yi digirin farko a kowane fanni, sannan ya yi shekara uku a JD. MBA kuma shekara biyu ne. Idan aka haɗa su, shekara biyar ta koma huɗu, domin kowace makaranta tana lissafa wasu darussan da aka yi a ɗayar.

Wahalar tana bakin ƙofa. A Harvard, makarantar lauya da ta kasuwanci kowace da nata fom da nata kwamitin tantancewa, kuma dole kowace ta amince da ɗalibi ita kaɗai. Ɗaya na iya ɗaukarsa, ɗayar ta ƙi. Abin da suke nema ma ya sha bamban. Masu lauya sun fi duba sakamakon digirin farko da makin jarrabawa da iya rubutu. Masu kasuwanci kuwa suna tambayar aikin da mutum ya yi da mutanen da ya jagoranta, shi ya sa akasarin ɗalibansu sun yi shekara huɗu zuwa biyar suna aiki kafin su zo. Wanda ya aika wa duka biyun da bayani iri ɗaya game da kansa, da wuya ya gamsar da ko ɗaya.

Akwai dabarar da ɗalibai ke yi: su fara shiga makaranta ɗaya, su nemi ta biyun a shekararsu ta farko. Harvard ta yarda da hakan.

Jami'ar Northwestern ta bi wata hanyar. Shirinta shekara uku ne, fom ɗaya ake cikewa ta makarantar kasuwancinta ta Kellogg, kuma ba a buƙatar jarrabawar LSAT. Sai dai babu hutun bazara a shekarar farko, karatu ake yi, lokacin da sauran ɗaliban lauya ke samun gogewa a ofisoshin lauyoyi.

Batun jarrabawa ya ɗan yi sauƙi. A da sai an zauna LSAT, mai maki 120 zuwa 180, sannan a zauna GMAT. Tun 2017 makarantar lauya ta Harvard ke karɓar GRE, wadda makarantun kasuwanci ma ke karɓa, don haka jarrabawa ɗaya na iya wadatarwa.

Sai kuɗi. Kuɗin makaranta kaɗai a Harvard ya haura dala 70,000 a shekara, ban da masauki da abinci da inshorar lafiya. Makarantun biyu na ba da tallafi gwargwadon buƙatar ɗalibi, amma baƙo ba zai samu takardar I-20 ta neman biza ba sai ya nuna inda kuɗin shekarar farko za su fito.

Ga wanda ya riga ya yi shekara biyar yana karatun lauya a Zariya ko Kano, ya ƙara shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya, sake fara JD maimaici ne mai tsada. Digirin LLM na shekara ɗaya ya fi dacewa da shi, kuma jihar New York na barin lauyoyin ƙasashen waje da suka cika sharuɗɗanta su zauna jarrabawar zama lauya bayan sun kammala shi.